Kwaltar da Ke Shaƙe Rijiyar Mai Tun Daga Cikin Dutse

Duk wanda ya taɓa tsayawa kallon masu haƙa rijiyar burtsatse a unguwar Gwadabawa, ko Limawa, ko Rumde a Jimeta, ya san yadda aikin ke tafiya. Inji na ruri, ruwan taɓo na tumbatsa ta bakin rami, yaran unguwa sun yi cincirindo, shi kuwa ogan aikin yana tsugune a gefen kwata ya tara hannu. Jifa-jifa sai ya damƙo abin da ruwan ya ɗauko daga ƙasa, ya murza tsakanin yatsu. In ya ji santsi, laka ce, a ci gaba. In ya ji kaushi, yashi mai manyan ƙwayoyi fari ko ja-ja, sai ka ga fuskarsa ta saki. An kai inda ruwa yake.

A rijiya mai zurfi, yashin nan ba na kogin Binuwai ba ne, duk da kogin yana nan kusa. Garin wani dutse ne da masana ƙasa ke kira dutsen yashi na Bima. A kansa Jimeta da Yola suke zaune, kuma daga cikinsa ake zuƙo yawancin ruwan da 'yan garuwa ke turawa lungu-lungu a zafin Maris da Afrilu. Ya kwanta ne sama da shekara miliyan 100 da suka wuce, zamanin da Afirka ke rabuwa da Kudancin Amurka, ƙasa ta tsage ta bar dogon kwarin da Binuwai ke bi a yau. Can sama kwarin ya rabu biyu: reshe ɗaya ya yi gabas ta Yola har Garwa a Kamaru, ɗayan ya miƙa arewa ta ƙasar Gongola.

A reshen Gongola, kan iyakar Bauchi da Gombe, Kolmani yake. Kamfanin Shell ya haƙa rijiyar farko a wurin a 1999, ya tarar da iskar gas kaɗan, ya tattara ya tafi. Shekara 20 bayan nan NNPC ya koma, a watan Oktoba na 2019 ya ba da sanarwar samun mai a rijiya ta biyu. Ranar 22 ga Nuwamba, 2022, Shugaba Muhammadu Buhari ya je da kansa ya ƙaddamar da aikin, aka ambaci ganga fiye da biliyan 1 na ɗanyen mai da iskar gas kubik ƙafa biliyan 500. Duwatsun da ake sa ran sun riƙe wannan arziki su ne Bima da Yolde da ke kansa, wato dangin dutsen da ke ƙarƙashin Gwadabawa, sai dai su suna can ƙasa da nisan kilomitoci.

An yi murna, kuma ta dace. Amma ba girin-girin ba, ta yi mai. Adadin da ake faɗa a kan mumbari daban, wanda ke isowa bakin rijiya daban. A duniya baki ɗaya, in aka haɗa filayen mai aka yi matsakaicin lissafi, abin da ake iya fitarwa bai wuce kusan kashi 1 cikin 3 na man da ke ƙasa ba. Sauran dutse ke riƙewa. Daga cikin abubuwan da ke sa dutse ya hana, akwai wani baƙin sinadari da ba a jin sunansa a wajen biki: asfaltin.

Mai ba tafki ba ne

Mutane da yawa sun ɗauka akwai wani tafkin mai a ƙarƙashin ƙasa da ake zura tiyo a zuƙo. Babu shi. Mai yana cikin 'yan kafofin da ke tsakanin ƙwayoyin yashi ne, waɗanda akasarinsu ido ba ya gani. Don haka injiniya abu biyu yake fara tambaya game da dutse. Na farko, nawa ne filin da kafofin suka ci a jikinsa? Dutsen yashi mai kyau yakan kai kashi 20 zuwa 30 cikin 100. Na biyu, kafofin a haɗe suke da juna, har ruwa ko mai ya iya ratsawa? Wannan na biyun, ratsuwa, shi ne kuɗin. Da darsi ake auna shi, don tunawa da Henry Darcy, injiniyan ruwa na birnin Dijon a Faransa, wanda a 1856 ya fitar da ƙa'idar yadda ruwa ke bi ta cikin yashi. Laka tana da kafofi birjik, amma ba ta ba da hanya. Shi ya sa mai haƙa burtsatse ba ya murna da ita.

Kowace kafa tana da ɗan siririn wuya da ya haɗa ta da maƙwabciyarta. Rayuwar rijiya a wuyan nan take.

Shi kuma ɗanyen mai ba abu guda ba ne, dubban sinadarai ne a gauraye. A ɗakin gwaji kashi huɗu ake raba su, asfaltin shi ne mafi nauyi, mafi baƙi, mafi naci. Wani Bafaranshe mai suna Boussingault ya fara ware shi a 1837. Yadda ake gane shi har gobe bai sauya sosai ba: a ɗebi ɗanyen mai a kwalba, a tuttula masa sinadarin heptan mai yawa, a girgiza, a ajiye. Bayan sa'o'i za a ga ƙura-ƙura baƙa ta kwanta a gindi. A tace, a busar, sai a sami gari mai ƙyalli wanda ke farfashewa a hannu. A zuba shi cikin toluwin, ya narke sarai. Cikinsa akwai farar wuta da naitirojin da iskar oksijin, da ɓurɓushin ƙarafa irin su nikel da banadiyam, kuma su ne ke ba shi halin manne wa abu. Shi ne ke ba kwaltar titi taurinta. A kan hanyar Numan alheri ne. A wuyan kafar dutse, masifa.

Kada a haɗa shi da kakin mai, wanda shi ne ya fi addabar bututu a yankin Neja Dalta. Kaki sanyi ke daskarar da shi, in an zuba mai zafi ya narke. Asfaltin bai san wannan ba. A gasa shi, sai dai ya ƙone ya zama gawayi.

Muddin ba a taɓa dutsen ba, asfaltin yana zaune lafiya a cikin mai, shekaru miliyoyi, a narke ko a warwatse cikin ƙananan dunƙulen da ba su wuce nanomita biyu-uku ba. Haƙa rijiya ce ke tsokano shi. Da zarar mai ya fara fita, matsin da ke cikin dutse yana raguwa. Sassan man marasa nauyi, irin su methan da ethan, sai su fara buɗewa, man ya ƙara zama tsinkakke, ya kasa riƙe baƙon da ke cikinsa. Dunƙule ya haɗu da dunƙule, su yi girma, su faɗo. Abin ya fi muni daidai lokacin da matsi ya sauko gejin da gas ke fara kumfa yana barin mai. In aka wuce wannan geji, gas ɗin ya fice, man da ya rage ya yi kauri, sai ya koma iya riƙe asfaltin ɗinsa.

Darasin Hassi Mas'ud

Nan ne hankalin mutum zai iya yaudararsa. Ai sai a ce man da ya fi yawan asfaltin shi zai fi toshe rijiya. Ba a nan gizo ke saƙar ba.

A 1956, shekarar da aka sami mai a Oloibiri, aka kuma gano filin Hassi Mas'ud a saharar Aljeriya. Mansa na cikin mafiya kyau a duniya, tsinkakke, mara nauyi, asfaltin ɗin da ke cikinsa bai kai ko rabin kashi 1 cikin 100 ba. Amma tun shekarun farko bututun rijiyoyi suka riƙa cushewa da baƙin abu mai tauri, wasu suka yi asarar babban kaso na ƙarfinsu cikin 'yan makonni. A ɗaya gefen ga filin Boskan a Benezuwela, mansa kauri kirtif, asfaltin ya kai wajen kashi 17 cikin 100, amma ana ta haƙo shi ba tare da irin wannan ciwon kai ba. Dalili? Mai mai nauyi cike yake da sinadaran da ke narkar da asfaltin, gas ɗinsa kuma kaɗan ne, don haka raguwar matsi ba ta sauya shi sosai. Tsinkakken mai da ya ƙoshi da gas, yake kuma ƙarƙashin matsi mai yawa, shi ne mai saurin amayar da ɗan abin da ke cikinsa. Kuma ɗan kaɗan ɗin, in aka ninka shi da dubban gangunan da ke bi ta rami ɗaya kullum, ya isa.

Injiniyoyi biyu, Haskett da Tartera, sun rubuta a 1965 yadda aka lura a Hassi Mas'ud cewa cushewar tana tsayawa a daidai inda gas ya fara rabuwa da mai a cikin bututu. Aka riƙa wasa da matsin bakin rijiya don a rage ɓarnar. Har yau kamfanin Sonatrach na Aljeriya bai rabu da wanke rijiyoyin filin ba.

Wannan labari ya shafe mu kai tsaye. Ɗan Najeriya ya saba alfahari da cewa manmu mara nauyi ne, irin su Bonny Light, kasuwa na rububinsa. Haka ne. Rashin asfaltin ɗinsa ma shi ya sa da aka buɗe matatar Kaduna a 1980, sashen da ke yin kwalta da man giris da baƙin mai aka tsara shi a kan ɗanyen mai mai nauyi da za a riƙa shigowa da shi daga ƙasashe irin su Benezuwela da Kuwait: ƙasa mai arzikin mai tana sayen mai don ta sami kwalta. Sai dai rashin nauyi ba laya ba ce. Hassi Mas'ud ya isa shaida.

Yadda dutse ke shaƙewa

Cushewar bututu da sauƙi, tunda ana iya zura waya a kankare. Wadda ke faruwa cikin dutse ita ce mugunyar. Man da ke tahowa daga kowace kusurwa dole ya matsu ya bi ta 'yan mitocin da ke kewaye da rijiya, kuma a nan matsi ya fi faɗuwa. Wato inda aka fi buƙatar hanya a buɗe, nan asfaltin ya fi zuba.

Wani ya lafe a jikin ƙwayoyin yashi, shafi kan shafi, wuyan kafa ya riƙa tsukewa. Wani ya taho a dunƙule ya tokare wuyan gaba ɗaya, ko 'yan ƙanana uku-huɗu su iso tare su cije. Lissafin ba shi da tausayi: in faɗin siririyar hanya ya ragu da rabi, abin da zai wuce ta cikinta a matsi ɗaya ba rabi ba ne, kashi 1 cikin 16 ne. Shi ya sa a ɗakin gwaji ake ganin dutsen da kafofinsa ba su ragu da wani abin kirki ba, amma ratsuwarsa ta zube warwas. Man yana nan, ƙofa ce ta rufe. Dutsen da tun asali hanyoyinsa matsattsu ne ya fi saurin mutuwa. Ƙari a kan haka, asfaltin yana son zama a tsakanin ɗigon ruwa da mai, ya ɗaure su su zama wani kakkauran dambu da ba ya gudu, ba ya kuma rabuwa da daɗin rai ko an kai shi tankin tacewa.

Ta'adi na biyu ya fi wannan ɓoyuwa, shi ne sauya wa dutse hali.

A ɗauki farantin tangaran da aka wanke tas, a ɗiga masa ruwa: ruwan zai baje ya lafe. A shafa masa man gyaɗa a sake ɗigawa: sai ruwan ya dunƙule ya gangare, kamar bai san farantin ba. Haka dutse yake. Yawancin duwatsun yashi a cikin ruwa aka haife su, don haka kowace ƙwaya tana sanye da siririyar rigar ruwa. Da mai ya zo daga baya, tsakiyar kafa ya zauna, bai taɓa jikin dutsen ba. Irin wannan shi ake cewa dutse mai son ruwa. In aka tura masa ruwa ta wata rijiya don a koro mai zuwa wata, dutsen da kansa yake tsotse ruwan, ruwan ya bi bango ya shiga har ƙananan kafofi, ya turo man gaba.

To, inda rigar ruwan ta yage, asfaltin na isa jikin dutse ya manne, kuma in ya manne, wurin ya tashi daga son ruwa ya koma son mai. Yanzu mai ne ke lafe da bango, ya maƙale a lunguna. Ruwan da aka kashe kuɗi aka tura sai ya bi tsakiyar manyan hanyoyi ya zarce abinsa, ya ɓullo a rijiyar da ake jiran mai tun ba a je ko'ina ba. Kamfani ya wayi gari yana haƙo ruwan gishiri ganga tara, mai ganga ɗaya, ga kuɗin raba su, ga na neman inda za a zubar.

Ana auna wannan hali da kusurwar da ɗigon ruwa ya yi a kan dutse: ƙasa da digiri 75 mai son ruwa ne, sama da 105 mai son mai, tsakani kuma ba ya nan ba ya can. Akwai kuma gwajin da wani mai bincike, Amott, ya fito da shi a 1959, inda ake tsoma guntun dutsen da ya ƙoshi da mai a cikin ruwa, a zuba ido a ga nawa zai fito don kansa. Irin ma'adinan da ke jikin dutsen suna da ta cewa. Dutsen farar ƙasa, irin wanda ya cika filayen ƙasashen Larabawa, ya fi karkata ga son mai. A dutsen yashi kuwa, yumɓu ne maƙwabcin da asfaltin ya fi shaƙuwa da shi, musamman farin yumɓun kawolin. Bima dutse ne mai yawan ma'adinin felsfa, wanda in ya ruɓe kawolin yake zama. Wannan kaɗai ya isa ya sa a bincika da kyau.

Gaskiya dai, ba kullum sauyin ke zama hasara ba, kuma duk wanda ya ce maka lissafin a miƙe yake bai karanta sosai ba. A 1973 wani mai bincike, Salathiel, ya nuna cewa in manyan kafofi ne kawai suka koma son mai, ƙanana suka tsaya a son ruwa, man yakan sami siririyar hanya mara yankewa a jikin bango, ya yi ta tsiyaya shekara da shekaru. Da wannan ya bayyana yadda filin Gabashin Texas ya ba da kaso mai yawa ƙwarai na mansa. Amma wannan hali ne da dutse ya ɗauka a hankali cikin miliyoyin shekaru. Asfaltin da ya zubo farat ɗaya a bakin rijiya saboda gaggawar mai haƙo, toshewa yake kawowa tare da sauyin halin, babu ribar da ke ciki.

Sau da yawa ma da hannu ake jawo shi. A buɗe rijiya fiye da kima don a burge masu hannun jari, matsi ya faɗi. A tura gas ko iskar kabon don ƙara koro mai, su gauraya da shi su sa ya amayar. A zuba asid don a buɗe dutse, asid ɗin ya kwaso tsatsar bututu, ƙarfen ya haɗu da asfaltin su zama taɓo. Ko a haɗa man rijiyoyi biyu da jininsu bai haɗu ba a bututu ɗaya.

Magani akwai, amma duk da tsada. Ana jiƙa rijiya da zailin ko toluwin, sinadarai masu saurin kama wuta da cutar da ma'aikaci, a rufe ta kwana ɗaya ko biyu ba ta kawo ko kwabo, bayan watanni a maimaita. Ana saka siririn bututu da ke ɗiga maganin hana dunƙulewa dare da rana. In ɓarnar ta yi nisa cikin dutse, sai a fasa shi da ƙarfin ruwa a buɗe sabuwar hanya ta tsallake wurin da ya mutu. Wanda ya fi duka arha shi ne a tura ruwa tun da wuri a riƙe matsin dutsen, kada ya sauko inda asfaltin zai fara zuba.

Maƙwabtanmu sun riga mu shiga wannan makaranta. Tsagewar ƙasar da ta haifi kwarin Binuwai ita ce ta miƙa har Termit a Nijar da Doba a Chadi. Chadi ta fara tura manta ta bututu mai kilomita 1,070 zuwa Kribi a 2003. Nijar ta fara haƙo na Agadem a 2011, tana tacewa a matatar SORAZ ta Damagaram mai ganga 20,000 a rana, a 2024 kuma ta fara fitarwa ta bututun da ya kai kusan kilomita 2,000 zuwa gaɓar tekun Benin. Kowane fili a cikinsu da halin mansa, kuma ba wanda za a ari sakamakon gwajinsa a yafa wa Kolmani, balle reshen Yola in rabo ya kai a haƙa.

Dokar man fetur ta 2021 ta ware kashi 30 cikin 100 na ribar mai da gas ta NNPC don neman mai a sababbin yankuna, kuma a 2023 an kafa injin haƙa a Obi ta jihar Nasarawa da kuma jihar Borno. Kuɗin haƙa kenan. Abin da ya kamata 'yan majalisar Adamawa da Gombe da Bauchi su riƙa tambaya ya wuce "ganga nawa?" A matsi nawa man zai fara zubar da asfaltin, kuma yaya tazarar wannan da matsin dutsen a yau? Sandunan dutsen da aka yanko daga rijiya, an adana su yadda iska da laka ba za su sauya musu hali ba? Wa ke riƙe da sakamakon? Jami'ar Abubakar Tafawa Balewa a Bauchi tana koyar da injiniyancin man fetur, Jami'ar Modibbo Adama da ke ƙetaren gada a Girei tana da sashen nazarin ƙasa, ɗalibanta a kan Bima suke koyon aiki. Babu dalilin da zai sa a riƙa kai kowane guntun dutse Turai su ba su ko gan shi ba.

Akwai gwaji ɗaya da ba ya jira. Man da aka tara a bakin rijiya ya riga ya bar wani kaso na asfaltin ɗinsa a hanya, don haka in aka auna shi zai nuna lafiya lau, alhali ba haka ba ne. Samfurin gaskiya sai an zura kwalbar ƙarfe har gindin rijiya, an ɗebo man a matsinsa na asali, an kuma riƙe matsin da gas ɗin naitirojin har ɗakin gwaji. A can ake rage matsin sannu-sannu ana haska man da fitila ta musamman, har a ga inda hasken ya fara dusashewa, alamar dunƙulen farko sun bayyana. Wannan lamba ce ke faɗa wa kamfani yawan gangar da zai iya ja a rana, da shekarar da dole ya fara tura ruwa, da irin bututun da zai saya. Kuma ana samunta daidai ne kawai kafin a fara haƙo mai gadan-gadan, domin da zarar matsin filin ya faɗi, man da ke ƙasa ya riga ya sauya, ba sauran inda za a ɗebo irin na farko.